Gwiwar Ɗan Fari

Zuwa ga Na-Kaka, a shagon ɗinki, birnin Yamai.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa ka faɗa hannun mutanen kirki. Allah ya tsare ka daga sharrin baƙunta, ya tsare maka abin da ya rage na jikinka. Ka gaishe mini da telan da kawunka ya aika ka wurinsa, ka ce na gode da karɓarka da ya yi.

Kada ka tsaya neman wanda ya rubuta mini, ni ce da hannuna. Karatun yaƙi da jahilcin nan da kuke yi mini dariya a kansa, kai da kawunka, wai mai fura ta shiga lakwal da furfura, yau ga ranarsa. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri da shi, na daɗe ina fama, ina yi ina ajiyewa. Ban kai maganar wurin mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, domin a cikinta akwai abin da bakina ba zai iya faɗa a gaban mutum ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Maganar gwiwarka ta hagu ce. Ranar da ka tafi na bi ka tasha, na laɓe bayan rumfar masu goro, ba ka gan ni ba. Na kalli tafiyarka tun daga bakin hanya har jikin mota. Bara war haka rabin tafin ƙafar nan yana taka ƙasa. Yanzu babban yatsa kaɗai ke shafar ta, kuma duk taku sai ka cije leɓe saboda bayanka. Gwiwar tana ƙara naɗewa. In ta naɗe har yatsan ya bar ƙasa, sanda ta gama yi maka amfani, sai rarrafe. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan. Zan faɗa maka kurakuran da na yi a kan ƙafar nan, ba don ka ji tausayina ba, sai don na ga ka ɗauko halina kaf, kuma halin nan shi zai ƙarasa ta.

Ka san kai ne ɗan farina. Da na yaye ka, aka kai ka Afala wurin kakarka, uwar mahaifinka, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan fari. Ba na kiran sunanka, ba na ɗaukarka a gaban mutane, in an yi zancenka sai in sunkuyar da kai. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, kuma ni na fi ta iyawa. Har alfahari nake yi da abin.

Wata rana da kaka, ina daka a tsakar gida, wani mutumin Afala ya yi sallama. Bayan gaisuwa ya ce, “Ɗan naku ya yi zazzaɓi. Ya tashi, amma ƙahwa guda ba ta tashi ba. Sun ce Inna ta taɓa shi.” Taɓarya tana hannuna, ban ajiye ta ba. Na ce, “Allah shi sawwaƙe,” kamar an ba ni labarin ɗan maƙwabta, na ci gaba da dakana. Matan gidan suka yi ta yabona, “Wagga ɗiya akwai kunya.” Ni kuwa ban je ba sai da aka gama ɗaure gero, shi ma da sunan gaishe da suruka.

Na tarar da kai kwance kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ka dunƙule, gwiwa a ƙirji. Sun ce haka ka fi jin daɗi, in an miƙe ƙafar sai ka yi kuka, saboda haka aka bar ka. Watanni kana kwance a haka. Daga baya na gane a nan jijiyar ta fara gajarta, shan inna ya kashe ƙarfin ƙafar, kwanciya kuma ta naɗe ta. Tun daga lokacin ba a sake furta kalmar inna a gidanmu ba, shi ya sa kai da ƙannenka duka Yaya kuke ce mini.

To, ka ji na farko. In ciwo ya taso maka, na san abin da kake yi, sai ka dunƙule ka juya wa duniya baya. Kada ka yi. Daɗin da kake ji a dunƙulewar nan shi ke cin ka. Ka kwanta rub da ciki a kan abu mai tauri, ka bar ƙafar ta miƙe iya inda za ta kai, ko da bayanka yana zugi. In ya lafa ka tashi ka taka.

Na biyu shi ne tabon nan da ke zagaye da gwiwarka da ƙugunka. Ranar kasuwar Barmu aka kai ka wurin wani wanzami da aka ce hannunsa yana da sa'a. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi maka sakiya, ya bi da ƙaho. Ina wurin, ina riƙe da ƙwaryar furata nesa kaɗan. Raina bai so ba ko kaɗan, amma uwar ɗan fari ba ta da baki a kan ɗanta, ko kuwa haka na gaya wa kaina. Na ji ƙaurin fatarka, na juya ina dama wa wani Buzu fura. Da ciwon ya warke, fatar ta haɗe ta ƙara ɗaure gwiwar.

A birni za ka gamu da masu magani iri-iri, kowa da rantsuwarsa. Duk wanda ya zo maka da aska ko ƙarfe mai zafi, ko wanda ya ce zai miƙe maka ita rana ɗaya, ka ba shi haƙuri ka wuce. Zafin da ƙafar nan ke so shi ne na tsumma da aka tsoma a ruwan ɗumi. Ƙwayar asibiti ma tana kwantar da ciwo, ban hana ka ba, amma ba ta miƙe jijiya. Kada ta ruɗe ka ka ce ka warke.

Na uku shi ne babba, kuma kai ma kana wurin, ba sai na ƙara gishiri ba. Bayan rasuwar mahaifinka na ɗauko ku kai da tsohuwa kakarka na dawo da ku nan garin Tawa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka yi shela cewa wata Baturiya ta zo daga Yamai za ta zauna 'yan watanni a asibiti, tana duba yara masu shanyayyun ƙafafu. Madam kawai ake ce mata. Muka tafi mu uku, tsohuwa a gaba tana riƙe da kai, ni a baya kamar 'yar rakiya.

Matar nan ba ta ba da allura ba, ba ta ba da ƙwaya ba. Ta kwantar da kai rub da ciki a kan tebur, ta shimfiɗa tsumma mai ɗumi a bayan gwiwar. Da wurin ya yi laushi, ta sa hannu ɗaya ta danne ƙugunka don kada ya ɗago, ɗaya hannun ta kama ƙafar ƙasa da gwiwa kaɗan, ta riƙa dannawa a hankali. Ba fizga, ba girgizawa. Ta riƙe a haka har ka fara nishi, sannan ta saki, ta sake. Na gani da idona, ƙafar ta ƙara miƙewa kaɗan, kuma da ka sauka ka ce bayanka ya yi sauƙi. Ta ce aikin na kullum ne, safe da yamma, kuma a gida za a yi shi, ita nunawa kawai za ta yi.

Ta kama hannun tsohuwa ta duba, ta girgiza kai. Ta juyo ta kama nawa, hannun da ya yi shekaru yana daka da cuɗa fura, ta yi murmushi. Mai fassara ya ce, “Madam ta ce ke ad da hannun aikin ga. Tsohuwa ba ta da ƙarhi.” Kafin in ankara ta jawo hannuna ta ɗora a kan ƙugunka. Tun da na yaye ka ban taɓa jikinka ba sai ranar. Na ji ɗuminka, na ji ƙashin nan a tafina, siriri kamar na ɗan akuya.

Mata cike da baranda suna jiran layi, ƙofa a buɗe. A cikinsu akwai wata 'yar Afala, dangin mahaifinka. Na ji ta ce, ba da ƙarfi ba ma, “Lalle duniya ta zo ƙarshe, ga Hajo na shahwar ɗan hwari gaban jama'a.” Wasu suka yi dariya. Na fizge hannuna kamar na taɓa tukunya a kan wuta. Madam ta dube ni, ta yi magana. Mai fassara ya ce, “Ta ce shin ba ɗanki ba na?” Na ce, “Ɗan tsohuwa na.” Kana kwance, fuskarka tana kallon bango, ba ka motsa ba, amma na san ka ji.

Mai fassara ya yi ta yi mata bayanin al'adarmu. Ban san abin da ta gane ba. Ta dai koya wa tsohuwa iya abin da za ta iya, kafin damina kuma Madam ta koma inda ta fito. Matar nan ta Afala da ta yi maganar kuwa, na tabbata kafin ta kai gida ta manta ta yi ta. Ni na ɗauki maganarta na jinginar da ƙafar ɗana a kanta.

Ga yadda ake yin aikin, na rubuta maka don ka karanta wa wanda zai yi maka, domin ban manta ko ɗaya ba. A fara da ɗumi. A danne ƙugu sosai, in ƙugu ya ɗago aikin banza ake yi. A kama kusa da gwiwa, ba can wurin idon sawu ba, don kada a goce gaɓar. A danna a hankali a riƙe, gwargwadon yadda mutum zai karanta Fatiha bai yi sauri ba, a saki, a maimaita. Bayan nan ka juya rigingine, a tallabi diddige a tura tafin ƙafar sama don agarar baya ta saki. Madam ta ce ciwo iri biyu ne. Akwai mai ja, wannan a daure masa. Akwai mai suka kamar tsinke a cikin gaɓa, in ka ji shi a tsaya.

Tsohuwa ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata da aljanna. Amma ka san tausarta. Ta shafe ka da man shanu har ka yi ƙyalli, tana yi maka tsiya, “Wanga miji nawa, ga ragganci ga cin tuwo,” kana dariya. Da ta ɗan danna ka ce wash, shi ke nan ta saki. Ni kuwa ina bayan zana ina tankaɗe, ina leƙe ta kafa, ina cizon yatsa. In abin ya ishe ni sai in ɗaga murya kamar da kaji nake magana, “A dai danne ƙugu! A dai riƙe!” Wata rana ta gaji da ni, ta ce, “Ke Hajo, in kin iya zaka ki yi! Ni ba ni iya jin kukan mijina. Ɗan wa na?” Babu kowa a gidan ranar, daga ni sai ku. Ita da kanta, surukata, wadda don ita ake kunyar, ta buɗe mini ƙofa. Na tashi tsaye, wallahi na tashi, sai na ɗauki tulu na tafi rijiya.

Kada ka nemi mai tausayinka ya yi maka aikin nan. Ka nemi mai hannu da taurin rai, wanda in ka ce wash zai ce maka sannu amma ba zai saki ba.

Da tsohuwa ta rasu sai ka koma yi da kanka. Ka ɗaura igiya a azarar ɗaki, ka rataya ƙafar kana ja. Na ga dabararka, na kuma san ba za ta yi ba, domin igiya ba ta danne ƙugu. Ina ji kana nishi a ɗaki, ina waje ina wanke ƙorai. In ka fito in ce, “An tashi lahiya?” ka ce, “Lahiya lau, Yaya.” Shekaru muka yi muna wannan gaisuwar ƙarya, ni da kai, gida ɗaya.

Sannan kawunka ya sa ka a ɗinki, na yi murna, na ce ga sana'ar zaune ta dace da kai. Nan ma ban yi tunani ba. Zaman nan daga safe har la'asar, gwiwa a lanƙwashe, ƙafar dama kaɗai ke taka keke, baya a karkace, shi ya jawo ciwon da ke hana ka sakat yanzu. Ba zan ce ka bar ɗinki ba, da me za ka ci? Amma duk lokacin da aka kira salla, ko kana da rigar gwamna a keke, ka tashi ka miƙe, ka kwanta rub da ciki ko a bayan shago ne. Ka sa ɗan kututture a ƙarƙashin teburin ka ɗora ƙafar hagu a miƙe. Sanda kuma, ka daina rataya nauyinka a hamata, na ga yadda hannunka ke mutuwa. A tafin hannu ake ɗora nauyi. Ka lallaɓa ƙafar dama da kafaɗar nan, su ke ɗauke da kai, kuma su ma sun fara gajiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ka buɗe baki. An ce mini a babban asibitin Yamai akwai ɗakin da ake irin aikin Madam, ka je ka tambaya, ko za su sa ka jira har rana ta faɗi. In ba ka samu ba, ka dubi wani a cikin abokan aikinka, ko wani ɗan yankinmu na Adar a cikin masu zuwa cin rani, ka ce masa, “Don Allah danne mini ƙugu.” Maganar ba ta da tsawo. Ba roƙo ba ne, ba abin kunya ba ne. Amma ina rubutawa ina jin raina yana gaya mini ba za ka yi ba, kuma ga dalilin da ya sa na sani.

Ana jibi za ka tafi, da azahar, ka dawo daga shago fuskarka ta yi fari fat. Ka zube kan tabarma a gindin bishiyar bedi, ka kife. Ƙannenka ba sa nan. Na daɗe ina kallonka daga bakin madafa. Na ce wa kaina, Hajo, tsohuwa ta mutu, mijinki ya mutu, wa ya rage da za ki ji wa kunya? Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na yago tsumma daga tsohon zanena, na zo na durƙusa kusa da kai. Na ɗora hannuna a kan ƙugunka, daidai wurin da Madam ta ɗora shi.

Ka zabura kamar kunama ta harbe ka. Ka janye ƙafar, ka ja rigarka ka rufe ta, ka kau da kai. Ka ce, “Bari, Yaya, kar a gani.”

Wa zai gani? Kaji ne kawai a gidan. Ba da fushi ka faɗa ba, da ladabi ka faɗa, irin ladabin da ake yabon yaro a kansa. Da ka zage ni, da ka ce ina kike tuntuni, da ya fi mini sauƙi. Na zauna da tsumma a hannu har ruwan ya huce, kai kuma ka lallaɓa ka shige ɗaki. A nan na gane abin da na koya maka. Ban koya maka miƙe ƙafa ba, na koya maka cewa jikinka abin ɓoyewa ne, ciwonka kuma ba a faɗar sa. Wanda ya hana uwarsa a gidan da ba kowa, yaya zai roƙi baƙo a garin mutane?

Ba ni da sauran dabara. Ban sani ba ko zan sake ganinka a tsaye. In na rufe ido sai in ga motar Yamai ta tsaya a tasha, an sauko da kai a hannu, sandarka a ɗaure cikin kaya. Na yi kuka a kan wannan har idona ya fara ba ni wahala wurin rubutu. Mutanen da suka yabe ni da kunya, ko ɗaya ba zai zo ya ɗauke ka ba.

Abu ɗaya ya rage a hannuna, shi ya sa na ƙi kai takardar nan wurin mai rubutu. Madam ta yi tambaya na ba ta amsar ƙarya kana ji. Ga ta gaskiya. Kai ba ɗan tsohuwa ba ne, nawa ne, ni na haife ka a ɗakin uwata, ranar wata Alhamis da ruwa. Kuma Na-Kaka ba sunanka ba ne. A aji, da mushe, wato malaminmu, ya ce kowa ta rubuta sunan da ta ga dama, wasu suka rubuta nasu, ni naka na fara koya, na rufe allon da mayafi. Ban taɓa furta shi ba tun ranar suna.

Isuhu.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo mini ba. Ashe iyakar abin ke nan, kuma a kansa na bar ƙafarka ta naɗe. Isuhu, in ni da furfurata na iya wannan, kai ma ka daure ka buɗe baki tun yatsan nan yana taɓa ƙasa. In kuma ka zo da salla, zan ɗora ruwa a tsakar gida, in bar ƙofa a buɗe, duk mai son gani ya shigo ya gani. Kada ka janye mini ƙafa.

Allah ya tsare ka zaune da tsaye. Allah ya sassauta maka ciwon nan, ya haɗa ka da mai hannu, ya ba ka bakin roƙonsa. Allah ya dawo mini da kai bisa ƙafarka. Ƙannenka da kawunka suna gaishe ka.

Ni ce wadda kake kira Yaya. In kunnenka zai iya ɗaukar kalmar,

Innarka, Hajo mai fura, Tawa.